Shekarar da Yaya Idi Ya Riƙe Mini Igiya

Bazarar bana ta zo da halinta na da. Tun hantsi ƙasa ke gasa tafin ƙafa, akuya ta kwanta gindin danga tana haki kamar ta yi tsere da kura, sai famfon foraj ɗinmu, wato rijiyar burtsatse, ya ga babu lokacin da ya fi wannan dacewa da mutuwa, ya mutu. Kwana tara ke nan mata na zuwa garin maƙwabta da jarkoki a amalanke. An ce a jira mai gyara daga Maradi. Muna jira. Mu dai a fagen jira ba a taɓa kayar da mu ba.

Ga kuma samarin gidanmu biyu, Nasiru jikana da Sadiku jikan yayana marigayi Idi, wata biyar ba sa ga maciji. Kowanne ya duƙa kan salularsa yana sauraron wasu mutane da ke ihu daga birni, in ya ɗago sai ya ce ɗan'uwansa ya sayar da ƙasa. Na tambaye su wa ya saya, ko ya san babu ruwa a cikinta. Ba wanda ya yi dariya. Nasiru ya ce, "Tsoho, ba za ka gane ba. Ƙasar nan ba ta taɓa rabuwa irin ta yanzu ba."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, sai da aka kawo mini ruwa, aka kuma tuna mini cewa ruwan na da tsada. Shi ya sa na ɗauko kaye, littafin rubutu ke nan, na zauna rubuta wannan.

Ni fa mai ilimi ne, kada a raina ni. Shekara uku cur na yi a lakkwal kafin malamin ya lura kaina ya cika, ya ce in koma gida kada ya tsage. Ina rubuta sunan mutum, ina ƙirga har ɗari da Faransanci in ba a katse ni ba. A ƙauyenmu, tafiyar rabin yini a jaki daga Dakoro ta wajen Ɗan Gulbi, wannan ilimi ya isa a nuna mutum da baki in ya wuce.

Da aka sami mulkin kai ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sabon aure. Jam'iyyu biyu ne suka raba garin. Ba zan faɗi sunayensu ba, sun mutu, ba a tone kabari. Mu ma a lokacin ba da sunan muke kiransu ba. Masu bin ɗaya suna zama ƙarƙashin gawon da ke gabas da masallaci, masu bin ɗayar suna zama ƙarƙashin aduwar yamma, sai aka ce 'Yan Gawo da 'Yan Aduwa. Jam'iyyar 'Yan Gawo ce ta riƙe gwamnati, ta 'Yan Aduwa kuwa aka ce an hana ta. Ni Ɗan Gawo ne, kuma ba ƙarami ba: ni ne sakatare. An ba ni kaye da alƙalamin nasara da 'yar kwalbar tawada, na riƙa tafiya kamar ƙasa na binta bashin gaisuwa.

Yaya Idi ya ba ni shekara bakwai. Ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar zaure sai kaji su ɗauka magariba ta yi. Da rani yana kai gyaɗa kudu a jakuna, can ya jiyo wasu maganganu, ya dawo Ɗan Aduwa. Muddin Baba na raye muna cin tuwo a akushi ɗaya muna harara. Baba na rasuwa muka raba gandu, muka raba rumbu, muka ja dangar ƙaya ta ratsa tsakar gida. Turmi ne kawai ya gagare mu, don guda ne kuma ba ya rabuwa. Aka ajiye shi daidai kan iyaka. Matata Hajo na daka ta wannan gefe, Rabi matar Yaya na daka ta wancan, taɓarya na sauka bi da bi. An hana su magana, sai suka koma waƙar daka, kuma duk labarin da ke gidan yana cikin waƙar.

Daminar shekarar ba ta yi rowa ba, mu muka yi. Gayya ta mutu. Ɗan Gawo ba zai ɗora hauyarsa a gonar Ɗan Aduwa ba ko da uwarsu ɗaya. Gonar da da mutum talatin ke nomewa kafin azahar da kiɗa da fura, sai ka ga mutum huɗu suna fama da ita kwana shida, kafin su kai ƙarshe farkon ya sake yin gashi. Ciyawa ba ta da jam'iyya, ta ci na kowa. Da kaka muka ɗaure damman da ko rabin na bara ba su kai ba, kowane ɓangare ya ce laifin ɗayan ne.

Kafin bazara ta tsaya, in ka yi tari a bakin rumbu sai ya amsa maka. Furar safe ta zama ruwa mai tunanin gero. Hajo kan auna hatsi da ƙaramin ƙoƙo, ta dube shi, ta rage. Da rana a tafasa ganye a barbaɗa ƙuli, da dare tuwo ɗan mitsitsi wanda yaro ke cinyewa yana tambayar ina tuwon. Mata suka shiga daji tsinkar anza. Ita kuwa anza, wanda ya ci ta ya sani, ɗacinta ba ya fita sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa. To ruwan ne babu.

Rijiyarmu ɗaya ce, gaba talatin da biyu, an ɗaure cikinta da itace don ƙasarmu rairayi ce. Kowace shekara bayan girbi ake yashe ta: mutum ɗaya ya sauka ya kwashe laka da yashi har idon ruwa ya buɗe, maza ashirin na riƙe da igiya a sama. Shekara biyu ba a yi ba, saboda ba a sami maza ashirin masu gaisawa ba. Guga ya fara zuwa da rabi, sannan da kwata, sannan da wani abu mai kalar kunun kanwa. Mata na tsayuwa tun asuba har rana ta take tsaka don tulu guda. Fulanin da ke shayar da shanunsu a wurinmu suna bar mana nono suka ɗaure kayansu suka yi arewa, fura ta rasa abokin tafiya. Iska in ta taso kamar an buɗe bakin tanda. Leɓɓan yara suka farfashe. Alwala ta koma taimama, liman ma ya daina kallon kowa.

Ana cikin haka wani mutumin biro, wato ofishin gwamnati, ya zo a kan doki da gardi biyu masu tsaronsa. Ya kira ni gefe, ya ce, "Sakatare, rubuta mini sunan duk mai zama ƙarƙashin waccan aduwa. Bayan kwana bakwai zan dawo in karɓa." Mun san abin da ake yi da irin wannan takarda. A wasu garuruwa an kwashe mutane, iyalansu na ta kai fura ƙofar gidan kaso ana dawo musu da ita. Na sani sarai. Amma an ce mini Sakatare a gaban jama'a, da muryar da ta ji doki. Na zauna na rubuta suna goma sha ɗaya. Na Yaya Idi na sa shi a ƙarshe, na rubuta shi ƙanana, wai don kada ya ji zafi. Na naɗe takardar tare da alƙalamin na sa a 'yar jakar fata na rataya a wuya kamar laya, don na ga irin kallon da Hajo ke yi mata tana kallon murhu. Kafin la'asar labarin ya shiga waƙar daka. Yaya ya sani.

Kwana uku bayan nan guga ya fito da laka zalla. Maigari ya tara maza. 'Yan Gawo suka ce ba za su je inuwar aduwa ba, 'Yan Aduwa suka ce gara su mutu da su je ta gawo, sai aka yi taron a tsakiya, cikin rana, kowa na zufa da mutuncinsa. Ba a daɗe ba aka yarda a yashe rijiya gobe, don ƙishirwa ta iya sasanci. Mai sauka kuwa ba a yi gardama ba. Gidanmu ne gidan yasa, ni kuma siriri ne kamar sillen kara, na taɓa sauka sau biyu Baba na riƙe da kan igiya.

Kan igiya shi ne maganar. Maza ashirin na ja a baya, amma mutum ɗaya ne ke zaune a bakin rijiya, igiya na bi ta hannunsa tana hawa kan gungumen da aka gitta. Shi ke jin motsin na ƙasa, shi ke cewa a ja ko a saki. Mai sauka ne ke zaɓensa. Na ce na zaɓi Mamman Dogo, abokina, Ɗan Gawo na gaske.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, sandar Kaka Tabawa, mahaifiyar Baba. Mace ba ta shiga taron maza, amma ita ta wuce shekarun da ake gaya mata haka.

Ta ce, "Maigidana, wa na ji ka ce zai riƙe maka igiya?"

Na ce, "Mamman, amarya. Koma gida kada rana ta ɓata miki kwalliya."

"Mamman abokinka ne?"

"Tun muna kiwon awaki."

"To in ka kuɓuce mashi, mi za a ce?"

Na ce, "Sai a ce ƙaddara."

"Ka ji. Shi ma ya san haka za a ce. Idi fa, in ka faɗi daga hannunshi, mi za a ce?"



Ta ce, "Za a ce ya kashe ƙanenshi saboda takarda. Ɗiyanshi da jikokinshi ba mai ba su aure daga nan har garin Mai Yara. To tsakanin wanda za a yi wa ta'aziyya da wanda za a tofa wa yawu, wa zai fi riƙe ka? Shekara uku a lakkwal, wanga ɗan lissafi ya gagare ka?"

Na san ana cewa igiyar yasa abokin gaba ake ba, amma na ɗauka irin maganar nan ce da tsofaffi ke yi don su hana yara barci. Kaka ta dogara sandarta ta ce lokacin da nasara suka iso ƙasar nan, garin ya rabu biyu, masu cewa a zauna a bi da masu cewa a tashi a shiga daji. Kakanmu da ɗan baffansa suka yi shekara uku ba sallama, har suna tofar da yawu in sun haɗu. Da rijiya ta ƙafe, ɗan baffan nan ne ya riƙe masa igiya. Ta ce uwarta kuma ta ba ta labarin zamanin da masu salla da masu yanka a gindin tsamiya ba sa cin abincin juna, su ma haka suka yi.

Ta ce, "Kowane iri in ya taso sai ya ɗauka shi ya ƙago gaba. Ku naku ma mai sauƙi ne, kun sami itace biyu. Mu guda muke da shi, muna juya wa juna baya a ƙarƙashinshi."

Yaya Idi ya yi magana daga can gefe, bai dubi kowa ba. "Ni ban ce zan riƙe ba."

Kaka ta ce, "Ban tambaye ka ba."

Washegari bayan sallar asuba aka ɗaura mini igiyar kaba mai kaurin damtsen yaro. Na tuɓe sai wando da jakata a wuya. Liman ya yi addu'a mai tsawo, irin wadda ke sa mai sauka ya fara zargin an san wani abu. Yaya ya zauna bakin rijiya ya tokare ƙafafunsa. Idonsa ya sauka kan jakar, ya hau kan fuskata. Ya ce, "Sauka." Kalmar farko ke nan da ya yi mini cikin wata goma sha huɗu.

Wanda bai taɓa shiga rijiya da bazara ba bai san daɗi ba, bai kuma san tsoro ba. Gaba biyar, zafi ya sake ka. Gaba goma, sanyi ya fara lasar bayanka, warin danshi da tsohon itace ya cika hanci. Sama ta koma kamar faifai, ta koma kamar bakin ludayi. Muryoyin mutane su zama kamar ƙudan zuma a tulu. Duk tsawon hanyar nan abu ɗaya nake lissafawa: suna goma sha ɗaya a wuyana, na sha ɗayan ne ke riƙe da ni.

A ƙasa laka ta kai mini gwiwa. Na shiga cika wasaki, babban gugan nan na fata, ina girgiza igiya ana ja. Na tono guga uku da suka ɓata, da ƙahon rago, da munduwar da wata mata ta rantse maƙwabciyarta ce ta sace. Na yi ta kwasa har kafaɗuna suka daina zama nawa. Can wajen hantsi na ji wani sanyi na tsarga tsakanin yatsun ƙafata, kamar ana yi mini cakulkuli. Ido ya buɗe. Na ɗebo da hannu na sha, da yashinsa da komai, ban taɓa shan abin da ya kai shi ba har yau, kuma na sha lemun kwalba a Maradi. Na yi ihu, "Ruwa!" Na ji guɗar mata ta gangaro mini.

Aka fara jawo ni. Na yi kamar gaba goma sai na ji ƙara a sama, ƙarar itacen da ya gaji. Gungumen ya karye. Igiya ta saki, na taho ƙasa. Ban gama salati ba na ji an fizge ni, ƙugu kamar zai rabu, na tsaya cak ina juyawa a iska, yashi na zubo mini a ka.

Daga baya aka ba ni labarin sama. Da gungumen ya karye, maza ashirin suka zube kan juna, igiya ta kuɓuce musu. Mamman Dogo ya ruga cikin gari, ya ce neman taimako ya tafi, a garin da duk mutanensa ke bakin rijiya. Yaya Idi kuwa igiya ta bi ta tafinsa tana cin nama, bai buɗe hannu ba. Ya naɗa ta a damtse, ta ja shi da gindi har dugadugansa suka tokari bakin rijiya, ya kwanta da baya ya riƙe ni shi kaɗai har sauran suka tashi.

Sai na ji muryarsa ta sauko, tana haki.

"Sakatare! Kana da rai?"

"Ina da rai, Yaya!"

"To tunda alƙalami na wuyanka, rubuta wanga ma!"

Dole aka mayar da ni ƙasa a hankali kafin a samo wani gungume. Na tsaya cikin ruwa yana hawa, daga gwiwa zuwa cinya, daga cinya zuwa ƙugu. A nan ne wani abin mamaki ya faru, wanda masana ba su gano kansa ba har yau. Jakar da ke ɗaure a wuyana ta kwance, ta buɗe, ta shiga ruwa. Wasu sun ce da hannuna na kwance ta. Ni dai na ce tsautsayi ne, kuma shekara sittin da wani abu ina kan maganata. Na tsamo takardar ta zama kamar dusar da aka jiƙa wa akuya. Alƙalamin yana can.

Da na fito na ga hannuwan Yaya duk jini. Kaka na shafa musu man shanu tana ɗaurewa da tsumma. Na durƙusa na nuna masa abin da ya rage na takardar. Ya duba, ya ce, "Ko rubutunka bai iya wanka ba." Kaka ta leƙa ta ga tawada ta wanke tas, ta ce, "Madalla. Yau garin nan kowa zai sha rubutu." Haka kuwa aka yi. 'Yan Gawo suka sha sunayen 'Yan Aduwa a fura, suka yi alwala da su, ba wanda cikinsa ya ɓaci.

Ranar da mutumin biro ya dawo na miƙa masa dunƙulen a tafin hannu, da ladabi. Ya ce, "Mi ke nan?"

Na ce, "Takardar ce, ranka ya daɗe. Ta yi hatsari a bakin aiki."

"Sake rubutawa!"

"Alƙalamin gwamnati na ƙasan rijiya, gaba talatin da biyu."

Maigari ya gyara rawani ya ce, "In ana bukatarshi da gaggawa, ga igiya. Muna da mai riƙewa, ƙwararre." Ya nuna Yaya Idi da ke zaune da hannuwa a naɗe kamar damen gero biyu. Ya ƙara da cewa shi dai a saninsa garin nan 'yan rijiya kawai ke akwai. Mutumin ya dubi rijiyar, ya dubi maza talatin da suka tsaya wuri ɗaya ba a gane na gawo da na aduwa, ya shayar da dokinsa, ya karɓi zakara ɗaya, ya tafi. Bayan wata guda aka aiko cewa an sauke ni daga sakatare saboda ƙarancin ilimi. Wannan ƙazafi ne, amma na yafe.

Shamuwa ta iso, gabas ta yi baƙi, kwana goma sha biyu bayan yasa ruwan shuka ya sauka da ƙamshin nan da ke sa tsoho ya ji kamar ya yi tsalle. Yaya ba ya iya riƙe sungumi. Ni na sare masa gonarsa rami bayan rami, yana bina yana jefa iri da 'yan yatsun da suka rage a waje yana rufewa da diddige, muna gardamar siyasa daga wannan kunya zuwa waccan. Dangar tsakar gida ba wanda ya ce a cire ta. Hajo da Rabi ne suka riƙa zarar ƙaya ɗaya-ɗaya suna hura wuta, kafin kaka ta ƙare a tuwo.

Kada a ce mun shirya a ra'ayi. Har ya koma ga Allah yana ce mini "kai da gwamnatinka." Ranar da sojoji suka tuntsurar da ita, bayan shekaru, da sassafe ya zo ƙofata da goro biyu ya yi mini gaisuwar rashi, ya zauna ya tabbatar na ci. Tafin hannunsa kuwa bai sake yin layi irin na mutane ba, sumul yake kamar bayan ƙwarya. In yara sun tambaya sai ya ce wani kifi ya kama a rijiya, siriri, marar amfani.

Jiya Maigarin yanzu, jikan wancan, ya gaji da jiran mai gyara ya ce a buɗe tsohuwar rijiya a yashe ta. Aka duba sirara a gidan yasa, aka ga Nasiru. Ya zo wurina ya ce abokinsa zai riƙe masa kan igiya. Na ɗaga sandata na nuna Sadiku da ke can gindin danga yana latsa salula.

Sadiku ya ce, "Ni ban ce zan riƙe ba."

Na ce, "Ban tambaye ka ba."

Gobe da asuba za a sauka. Na sa an duba gungumen sau biyu, na kuma ja Nasiru gefe na ba shi shawara irin ta masu ilimi: kada ya bar salularsa a gida, ya rataye ta a wuya ya sauka da ita.

Ya ce, "Haba Tsoho, ai ruwa zai ɓata ta."

Na ce, "To, Allah ya sa."